Tsohon gidanmu na ƙauye nake son gyarawa in ƙara ɗaki da hannuna, ta ina zan fara?

Magajin_gida:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gini, ko waɗanda suka taɓa jefa kansu cikin irin rigimar da nake shirin shiga. Akwai gidan da marigayi mahaifinmu ya bari a ƙauye, shekarunsa sun haura 40, ɗaki uku ne da ɗan falo, bangon na tubalin ƙasa ne amma daga ƙasa an jera dutse kamar zuwa ƙwauri, rufin kwano ne, kuma rabon da wani ya kwana a ciki an fi shekara 6 tun da tsohuwarmu ta dawo wajena. Yanzu yanayin aikina ya canza ba sai ina cikin gari kullum ba, iyali kuma sun ƙaru, shi ne nake so mu koma can amma gidan ya yi mana kaɗan.

Niyyata in ƙara ɗaki biyu na bulo ta gefen gabas da banɗaki a ciki, in fasa bangon da ke tsakanin falo da ƙaramin ɗaki ya zama falo ɗaya babba, sannan akwai tunanin da ke yawo a kaina na in zuba dekin a kan tsohon ginin ko nan gaba yara za su ɗora bene. Yawancin aikin ni da ƙanena muke son yi da hannunmu ranakun da babu aiki, saboda aljihun bai kai in danƙa wa ɗan kwangila ba, kuma ko da ya kai ma ina da sha'awar abin. Ni ba magini ba ne amma na iya riƙe cokali, na taɓa ɗora katanga mai layi bakwai kuma har yau tana nan tsaye.

Ga abin da na tarar da na je makon jiya. Akwai tsagewa da ta tashi daga kusurwar tagar ɗakin baya ta yi sama a karkace, bangon baya daga ƙasa ya yi laushi in ka taɓa yana zubowa kamar gari har da wani farin abu kamar gishiri, silin ya yi taswira a wuri biyu alamar yoyo, gara kuma ta yi hanya a jikin katakon ƙofa ɗaya. Ni dai a raina so nake in fara da sababbin ɗakunan tunda su ne buƙatar, in mun shiga sai mu bi tsohon a hankali. Ƙanena yana cewa a'a. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Kuma sabon ginin ɗaure shi zan yi da tsohon ko yaya ake yi? Na gode.

Kai_tsaye:

Wa alaikumus salam. Malam ni dai bana ɓoye-ɓoye, ka rushe shi kawai ka huta. Gidan ƙasa mai shekara 40 da tsagewa da gara, me ya rage kuma? Zaka yi ta zuba kuɗi kamar mai cika rijiya da cokali, ka gyara nan can ya ɓalle, ƙarshenta abinda ka kashe ya isa ka tada sabo fes. In kuma ka ce dole sai ka barshi saboda na mahaifi ne to ka buga masa ragar waya ka watsa filasta mai siminti sosai ciki da waje shikenan ka rufe bakin ruwa, haka maƙocina yayi.

Tsohon_birkila:

Ɗana Magaji, ƙanenka ya fi ka gaskiya, ka ba shi hannu. Na yi shekara 30 da ɗoriya ina gini kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma abin da na fi gani yana kashe tsohon gida ruwa ne, ba tsufa ba. Bangon ƙasa in dai kansa a rufe yake kuma ƙafarsa a bushe, zai binne wanda ya gina shi ya binne jikansa yana nan. Duk abubuwa huɗun nan da ka lissafa, tsagewa da laushi da yoyo da gara, in ka bi sawunsu wuri ɗaya za su kai ka. Don haka maganar sabon ɗaki ka ajiye ta tukuna, in ka tafi kana haƙa harsashi a gabas damina ɗaya tana iya zaunar maka da bangon baya kana can.

Ka fara hawa sama. Ba kwanon kaɗai za ka duba ba, ka leƙa katakon da ke ƙarƙashinsa, ka riƙe sukundireba kana caka masa musamman inda ya zauna a kan bango, in ya shige kamar cikin soso to wannan ya mutu sai canji. Sau da yawa yoyon ba daga huda yake ba, ƙusa ce ta saki ko wajen haɗin kwano biyu, kuma inda silin ya nuna taswira ba lallai nan ne ramin ba, ruwa yana bin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. In za ka jingina tsani, duk tsawon mita 4 ka ja ƙafarsa baya mita 1, wani ya riƙe maka, kuma a kan layin ƙusa ake taka tsohon kwano ba tsakiya ba.

Sannan ka tsaya ka yi wannan lissafin da mutane ba sa yi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Mu ce rufinka mita 8 ne a mita 10, wato 80 kenan, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 25, lita 2000 ke nan ta sauko daga kan kwanon nan a dare ɗaya, durom 10 manya. Ina yake zuwa? In babu indararo kuma bakin kwanon bai fito sosai ba, gindin bangon nan naka yake sauka yana fallatsi, shekara 40 ana haka. Shi ya sa bayan ya yi laushi. Farin abin nan da ka gani gishiri ne da danshi yake ɗaukowa daga ƙasa, ruwan ya bushe ya bar shi, shi kuma yana cin fuskar tubalin. Maganinsa ka sa indararo da bututu ya kai ruwan nesa ko cikin tanki, bakin rufin ya fito aƙalla rabin mita daga bango, ƙasar da ke kewaye da gidan kuma ka gyara ta ta gangara waje, kamar santimita 15 cikin mita 3 na farko. Na ci amanar kaina in ka je bayan gidan nan ba ka tarar ƙasa da shara sun taru sun rufe dutsen nan da mahaifinka ya jera ba. Shi ya san abin da ya sa ya jera shi, Allah ya jiƙansa. Ka kwashe har dutsen ya fito fili.

Tsagewar kuma kar ka yi saurin toshe ta, ruwa ba ya tsami banza. Ka kafa ƙananan ƙusoshi biyu, ɗaya kowane gefe, ka auna tsakaninsu da rula ka rubuta a jikin bangon da kwanan wata, ka yi haka a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, duk wata ka sake aunawa, in da hali ta ga damina ta ga rani. In faɗinta bai kai milimita 5 ba kuma ba ta motsi, tsohon tabo ne, cikewa kawai. In yatsanka yana shiga, ko tana ƙaruwa, ko ta ratsa har ana ganinta ta ciki da waje, ko ƙofa da taga sun fara cijewa, to kusurwar ce take zama, wannan ba aikin ka da ƙanenka ba ne sai wanda ya sani ya zo ya gani da idonsa.

Maganar da ɗan'uwanmu na sama ya yi ta filastar siminti, don Allah kar ka yi. Bangon ƙasa numfashi yake, yana shan danshi yana fitarwa. In ka rufe shi da siminti danshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa hanya sai ya yi ta hawa sama a ɓoye, simintin kuma mai tauri ne ƙasa mai laushi, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, sai ya yi ƴan tsage-tsage ruwa ya shiga ta nan ya kasa fita. Daga waje gida tas kamar sabo, ciki kuwa kunu. Rannan sai ka ga faffaɗan ɓawo ya faɗo da rabin bango a jikinsa. Abin da ya dace da shi yaɓe irin nasa, ƙasa da yashi da yankakkiyar ciyawa, ko kuma farar ƙasar nan ta gini da ake ƙonawa, awo 1 da yashi awo 3, a shafa siriri-siriri kar shafi ɗaya ya wuce santimita 1, a bar shi ya kama kafin a ƙara. Tana da nawa wajen bushewa don iska take sha ta yi ƙarfi, kuma tana ƙona fata da ido, ka sa safar hannu da tabarau.

Gindin da ya zube kuwa ba a kwashe shi gaba ɗaya. Ka ɗauki kamar tsawon kamu biyu, ka kankare ruɓaɓɓen har ka taɓa mai ƙarfi, ka ɗan jiƙa, ka cike da tubali irin nasa, ka tsallake wani kamu biyu ka yi na gaba, sai waɗannan sun bushe ka dawo wa na tsakiya. In ka ga ruɓar ta ci fiye da sulusin kaurin bangon, sai ka tokare rufin kafin ka taɓa.

Magajin_gida:

Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Wallahi kamar kana wajen, dutsen nan ta baya ko ganinsa ba a yi, ƙasa ta binne shi. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba don kunya, shekara 3 da suka wuce ni da kaina na sa aka yi wa bangon gaba filastar siminti don ya yi kyau in an shigo. Yanzu ya zan yi da ita, in ɓamɓare? Kuma garar fa Baba, mutane suna cewa in shafa baƙin man inji a katakon.

Tsohon_birkila:

Ba kai ka fara ba ɗana. Ka bi ta da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙara kamar ganga ya riga ya rabu da bango, wannan ka cire a hankali da hannu da ƙaramar guduma, ban da inji. Inda ya kama gam ka ƙyale shi tukuna kar garin neman gira a rasa ido, amma layin ƙasa kamar rabin mita ka yanke shi duka don bangon ya samu wajen fitar da danshi. Baƙin mai kuma ni ban yarda da shi a cikin ɗakin kwana ba, ga wari ga dauɗa ga taimakon wuta, kuma garar da ta riga ta shiga ciki ba ruwanta da abin da ka shafa a waje. Ka cire katakon da ta ci ka ƙone, ka bi hanyarta har inda ta fito daga ƙasa, sabon katako ka sayi wanda aka jiƙa da maganin gara kuma kar ya taɓa ƙasa, ka ɗora shi a kan ɗan kankare. Gara danshi take bi, in gidan ya bushe rabin yaƙin ya ƙare.

Maman_biyu:

Sannunku. Yaya Magaji ni ba sana'ata bace amma ni da maigidana munyi irin wannan aikin sak, mukace wata 4 zamu gama muka kwashe wata 14 muna abu ɗaya, toh bari in faɗa maka abubuwan da da ace wani ya faɗa mana tun farko.

Na farko silin ɗin nan da kace yayi taswira, wane iri ne? In irin tsohon allon nan ne mai launin toka mai tauri da yake karyewa kamar faranti, ka ɗauka asbesto ne har sai an tabbatar maka ba shi bane, gidaje masu irin wannan shekarun da yawa dashi akayi. In yana zaune lafiya ba'a taɓa shi ba matsalarsa kaɗan ce, amma in aka fasa ko aka yanka da inji ko aka huda ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, ciwon kuma baya nunawa sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye, harda kansar huhu. Mu mun riga mun farfasa na ɗaki ɗaya da guduma muna ta shara da tsintsiya kafin wani ya ganmu ya ɗaga mana hankali, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. In zaka iya samun waɗanda suka san aikin su cire shi yafi, in kuma ba hali toh a jiƙa shi da ruwa, a cire ƙusa a sauke shi ɗungurungum ba tare da karyawa ba, a sa takunkumi na gaske mai matata ba na ƙyalle ba, a naɗe a leda mai kauri, a goge wajen da jiƙaƙƙen tsumma banda shara, kayan jikinku kuma kar su shiga cikin wankin yara. Haka tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi, da yawa akwai dalma a ciki, kar ka goge shi da sanfefa a bushe yara suna wajen, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Na biyu, kar ka kwashi iyali ka kai gidan ana cikin aiki, ƙura kaɗai ta isheku. In dole ne ka gama ɗaki ɗaya tsaf mai ƙofa da makulli tukunna.

Na uku wanda har yau yake bani haushi, tsayin daɓe. Mun zuba na sabon ɗaki bamu lissafa kaurin tayil da abinda ake shimfiɗa masa ba, sai ya fi tsohon tsawo da kusan yatsa uku, kullum sai wani yayi tuntuɓe a bakin ƙofar nan, surukata kam har ta daina shiga. Ka samu siririn tiyo mai gani-har-hanji ka cika shi da ruwa, ruwan bakin nan da na bakin can kullum tsayinsu ɗaya, dashi zaka zana layi ɗaya a jikin bango ko'ina, mita 1 daga inda kake so daɓen ya ƙare, duk awon ka daga layin nan zai tashi.

Siminti kuma kar ka tara da yawa don kawai kuɗi sun shigo, tunda ranakun hutu kawai zakuyi aiki. Yana shan danshin iska ya dunƙule, bayan kamar wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa, ka ɗora shi akan katako kar ya taɓa ƙasa ko bango. Kuma duk abinda ka lissafa zaka kashe ka ware kashi ɗaya cikin biyar a gefe, tsohon gida sai ka buɗe shi yake faɗa maka ciwonsa.

Sai abu na ƙarshe kayi haƙuri in na shiga hurumin da ba nawa ba, kace mahaifinku ne ya bari. Ku nawa ne? Kafin ka ɗora bulo ɗaya ku zauna da sauran magada a rubuta a takarda wa ke da me kuma abinda ka kashe ya matsayinsa yake, da shaidu. Yau kowa zai ce maka ai ba komai, ranar da gida yayi kyau magana zata canza. Ka duba iyakarku da maƙota, ka kuma tambayi hukumar da abin ya shafa ko ƙarin ɗaki yana buƙatar izini.

Mai_tef_da_biro:

Baba birkila ya gama magana a kan ruwa, ba abin da zan ƙara. Ni zane da lissafin gini ne aikina, bari in ɗauki sauran tambayoyin.

Dekin a kan tsohon bangon, cire shi daga ranka yau ɗin nan. Kankare mai rodi nauyinsa wajen kilo 2400 ne a kowace mita mai faɗi da tsawo da zurfi ɗaya, wato dekin mai kaurin santimita 15 yana da kilo 360 a kowane murabba'in mita. In muka ɗauki 80 ɗin da Baba ya yi misali da shi, kusan tan 29 kenan za ka ɗora wa bangon da aka yi shi don ya ɗauki katako da kwano, bangon da kai da bakinka ka ce gindinsa yana zubowa kamar gari. In ana son bene nan gaba, a sabon ɓangaren za a tanade shi tun daga harsashi da ginshiƙai, kuma wannan sai an yi masa lissafi a takarda.

Ɗaure sabo da tsoho kuma a'a. Mutane suna ganin in sun sassaƙa tsohon bango sun cusa bulo ko rodi a ciki sun ƙara ƙarfi, alhali tsohon ya gama zamansa shekaru da yawa, sabon kuwa yanzu zai fara danne ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya ɗan sauka, in suna ɗaure sai ya ja tsohon ya yaga shi, kuma mai laushin shi ne zai sha wuya. Sabon ginin ya tsaya da ƙafarsa, da bangonsa huɗu, ka bar tazarar santimita 1 zuwa 2 tsakaninsu, ka cusa abu mai laushi irin farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin kaya, ka rufe bakin da abin da ke lanƙwasa ba siminti ba. A sama inda rufi biyu suka haɗu ka sa kwanon da zai rufe haɗin ya zuba ruwa waje, nan ne wajen da ya fi yoyo a duk gidan da aka yi wa ƙari, kuma in da hali kar ka bari sabon rufin ya zubo ruwansa ta wajen tsohon bango.

Kafin haƙa, ka tona ɗan rami a gindin tsohon bangon gabas ka ga inda dutsen ya tsaya, yawancin irin waɗannan ba su da zurfi. Kar ka buɗe dogon rami a jikinsa wanda ya fi shi zurfi, ƙasar da ke riƙe da shi za ta zame cikin raminka. Ko ka ja sabon harsashin baya aƙalla gwargwadon yadda ya fi tsohon zurfi, ko ka yi shi gutsure-gutsure mita ɗaya-ɗaya kana zuba kankare kafin ka buɗe na gaba, kuma ban da lokacin ruwa. Ka kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwoyi duka sai ka taɓa mai tauri. Ga bulo mai inci 9 a ƙasa mai kyau an saba yin faɗin harsashi ninki uku na kaurin bangon, amma in ƙasarku irin mai dararewa ce da rani ta kumbura da damina, ko akwai babbar bishiya kusa, wannan ƙa'idar ba ta isa ba sai an zo an duba. Don fitar da kusurwa daidai, auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, in tsakanin alamomin biyu ya ba ka mita 5 cif to ta miƙe.

Kwaɓin kankare na irin wannan aikin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da mazubi ɗaya za ka auna duka ba da ido ba. Kuskuren masu yi da kansu ruwa ne, suna tsinka shi don ya yi daɗin zubawa, ruwan da ya wuce kima kuwa ƙarfin yake ci. Bayan an zuba a riƙa ba shi ruwa kwana 7 aƙalla, ƙarfin da ake lissafi da shi sai kwana 28. Rodi kar ya kwanta a jikin katako ko ƙasa, kankare ya lulluɓe shi da santimita 2 da rabi a linta, 5 a cikin ƙasa, in ba haka ba ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren da kansa. Don tare danshi ka shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin daɓe da kan layin bulon ƙasa, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje.

Bangon falon da kake son fasawa, ka leƙa sama ka gani ko katakon rufi yana zaune a kansa. Ko ma ba ya zaune, a ginin ƙasa bangon tsakiya shi ke riƙe dogayen bangon waje kar su buɗe, ga shi kana da tsagewa da ba a san halinta ba. Ni da ni ne ba zan cire shi duka ba, zan buɗe babbar ƙofa a tsakiya in bar abin da ya kai mita ɗaya kowane gefe, a tokare sama tukuna, a sa linta da ta hau bango santimita 30 kowane ɓangare, sannan a cire na ƙasa. Ranar wannan aikin ka kira magini, kwana biyu ne kawai.

Banɗakin ya zauna a sabon ɓangare can ƙarshe nesa da bangon ƙasa. Bututun inci 4 ya gangara kamar santimita 2 da rabi a kowace mita, ramin da zai karɓi ruwan kuma ya yi nisan mita 30 daga rijiya in akwai, ta ɓangaren gangare. Wayarin ɗin wuta kuwa kai ka sassaƙa hanya ka ja bututu in kana so, amma haɗawa da gwaji na mai sana'ar ne, tsohuwar wayar duka a cire, a sa wayar nan mai kai wuta cikin ƙasa (earth) da abin nan mai katse wuta in ta fara bin jikin mutum, na miliamfiya 30.

Kai_tsaye:

Toh ku duba duk wannan dogon lissafin, ba gara rushewar da na faɗa ba? Kuma na maƙocin nawa shekara 2 kenan ko gezau filastar batayi ba.

Tsohon_birkila:

Shekara 2 ai jariri ne malam, mu haɗu a ta 8. Ragar ma tsatsa take yi a cikin danshi ta saki. Ban ce ba a rushe gida ba, na rushe da yawa da hannuna, in bango ya karkata har ana gani da ido ko harsashi ya tafi to ba sauran magana. Amma wannan ba wanda ya auna shi tukuna. Ka shiga ɗakin ƙasa mai kauri da tsakar rana ka fito ka shiga na bulo mai rami, jikinka zai faɗa maka abin da kake cewa a zubar.

Magajin_gida:

Na dawo jama'a, jiya muka je ni da ƙanena. Mun kwashe ƙasar bayan, baro 23 muka ƙirga, dutsen ya fito kuma lafiyarsa ƙalau sai wuri ɗaya daidai ƙarƙashin tagar nan mai tsagewa, ashe nan ne ruwan kwano yake taruwa ya kwanta, har ɗan kwari ya yi. Tsagewar milimita 7 ce a sama, 3 a ƙasa, ta ciki ana ganinta amma siririya, na kafa ƙusoshin na rubuta kwanan wata yadda Baba ya ce. Katakon rufi guda 5 sukundireba ta shige, sauran da ƙarfinsu. Hajiya Maman biyu silin ɗin irin wanda kika faɗa ne sak, ba mu taɓa shi ba, kuma maganar magada ta shige ni, mu shida ne, na kira babbar yayarmu za mu zauna ƙarshen wata. Injiniya dekin na haƙura, falon ma ƙofa zan buɗe.

Abin da ya rage min yanzu, tunda in ta ciki za a bi sai an sauke silin kafin a canza katakon nan 5, kuma ruwa ya kusa sauka, in lulluɓe wajen yoyon da tamfol in sa indararo kawai a bana in bar sauran sai rani, ko in ɗage kwanon ta sama in canza katakon ba tare da na taɓa silin ɗin ba? Baba ko Injiniya duk wanda ya fara gani.